ALT da AST: Aikinsu Wajen Sarrafa Amino Asid da Ma'anarsu a Takardar Gwajin Hanta

Duk wanda likita ya taɓa tura shi gwajin hanta zai ga sunaye biyu a jere a kan takardar sakamako: ALT da AST. Wasu ɗakunan gwaje-gwaje a Najeriya har yanzu suna rubuta tsofaffin sunayensu, wato SGPT da SGOT. Mutane da dama suna ɗaukar su a matsayin wata guba da ta taru a jini, wasu kuma suna zaton sunan cuta ne. Alhali kuwa sinadarai ne da jiki ke ƙerawa da kansa, kuma kowane mai lafiya yana ɗauke da su. Suna cikin dangin da masana ke kira aminotiransferes, ko tiransamines, waɗanda aikinsu shi ne sarrafa amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Sanin aikinsu a cikin jiki shi ne mabuɗin fahimtar abin da alƙalumansu ke nufi idan sun hau a jini, da kuma abin da ba sa nufi.

Furotin da matsalar naitirojin

Furotin, sinadarin gina jiki da ake samu a nama, kifi, ƙwai, madara, wake da gyaɗa, ana haɗa shi ne da amino asid iri 20. Idan mutum ya ci abinci, ciki da hanji suna warware furotin zuwa waɗannan tubala, jini ya kwashe su zuwa hanta da sauran sassan jiki, inda ake sake jera su don gina tsoka, fata, jini da garkuwar jiki.

Kowane amino asid yana da ɓangare biyu. Akwai gangar jiki wadda aka yi da kabon, akwai kuma wani ɗan guntu mai ɗauke da naitirojin, wanda ake kira rukunin amino. Wannan guntun ne ya bambanta furotin da sitaci da mai, domin su ba su da naitirojin. Kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne.

Jiki yana ajiye rarar sukari a hanta da tsoka, yana ajiye rarar mai a matsayin kitse, amma ba shi da rumbun ajiye rarar amino asid. Bugu da ƙari, baligi yana rushe furotin ɗin jikinsa ya sake gina shi, kimanin giram 250 zuwa 300 a kowace rana, adadin da ya ninka abin da yake ci sau da yawa. Saboda haka a kowane lokaci akwai amino asid da ya yi yawa, akwai kuma wanda ya yi ƙaranci. Wanda ya yi yawa dole a ƙona shi a samu kuzari, kuma kafin a ƙona shi dole a cire masa naitirojin. To amma naitirojin ɗin idan aka sake shi haka kawai yakan zama amoniya, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce matsalar da aminotiransferes ke warwarewa.

Yadda musanyar take gudana

Aminotiransferes nau'in inzayim ne. Inzayim kuwa furotin ne na musamman da ke hanzarta wani sauyi a cikin jiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Aikin wannan dangi guda ɗaya ne: su ɗauko rukunin amino daga wani amino asid, su ɗora shi a kan wata gangar kabon da ba ta da shi, wadda ake kira keto asid. Wanda aka cire wa ya koma keto asid, wanda aka ɗora wa ya zama amino asid. Ba a saki amoniya ba, ba a yi asarar komai ba. Naitirojin ya sauya hannu ne kawai, kamar yadda haja ke tashi daga hannun mai ita zuwa hannun mai saye ta hannun dillali.

Mafi yawan lokuta mai karɓar naitirojin ɗin guda ɗaya ne, wani keto asid mai suna alfa-ketogulutaret. Da zarar ya karɓa sai ya zama gulutamet. Wannan shi ne gulutamet ɗin da ke ba daddawa da sinadaran ɗanɗano armashi a miya, amma a cikin jiki aikinsa ya fi haka nauyi: shi ne matattarar da naitirojin na amino asid daban-daban ke haɗuwa kafin a san inda za a kai shi.

ALT, wato alanin aminotiransferes, yana haɗa alanin da alfa-ketogulutaret ya fitar da fairubet da gulutamet. AST, wato asfatet aminotiransferes, yana haɗa asfatet da alfa-ketogulutaret ya fitar da okzaloasitet da gulutamet. Fairubet, okzaloasitet da alfa-ketogulutaret duk suna kan hanyar da jiki ke bi wajen ƙona sukari. Don haka waɗannan inzayim biyu su ne gadar da ta haɗa harkar furotin da harkar sitaci.

Musanyar tana iya tafiya gaba, tana iya komawa baya. Abin da ke tantance alƙiblarta shi ne wanda ya fi yawa a wurin a wannan lokacin. Bayan an ci nama da yawa, sai ta karkata wajen rushe rarar amino asid. Idan kuwa jiki na buƙatar alanin ko asfatet don gina sabon furotin, sai ta juya ta ƙera su daga ɓurɓushin sukari.

Matsayin bitamin B6

Babu wani aminotiransferes da ke aiki shi kaɗai. Kowannensu yana riƙe da wani ɗan ƙaramin mataimaki mai suna firidoksal fosfet, wanda jiki ke samarwa daga bitamin B6. Shi ne hannun da ke riƙe naitirojin a tsakiyar ciniki.

Aikin yana gudana ne a zango biyu. A zangon farko amino asid ya shiga, ya miƙa wa mataimakin rukunin amino, ya fita a matsayin keto asid. Mataimakin, wanda yanzu yake ɗauke da naitirojin, ya koma firidoksamin fosfet. A zango na biyu wani keto asid ya shigo, ya karɓi abin da aka bari, ya fita a matsayin sabon amino asid, mataimakin kuma ya koma yadda yake tun farko. Mai bayarwa da mai karɓa ba sa haɗuwa a cikin inzayim ɗin a lokaci guda. Sai ɗaya ya fita ɗaya ke shiga.

Ana samun bitamin B6 a kifi, hanta, naman kaza, wake, gyaɗa, ayaba, dankali da hatsin da ba a surfe shi sosai ba. Yawan shan barasa yana rage shi a jiki. Haka ma isoniyazid, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, wanda ke janyo jin tsattsafa ko mutuwar jiki a tafin hannu da na ƙafa. Shi ya sa ake haɗa wa wasu masu shan sa da ƙwayar bitamin B6, musamman masu juna biyu, masu ciwon sukari, masu ɗauke da cutar ƙanjamau da waɗanda ba sa samun isasshen abinci.

Manyan ayyuka uku

Aiki na farko shi ne fitar da naitirojin daga jiki lami lafiya. Bayan an tara shi a kan gulutamet, a cikin hanta wani inzayim daban yakan kwance shi a matsayin amoniya, a daidai wurin da za a sarrafa ta nan take. Hanta tana mayar da ita yuriya, sinadarin da ƙoda ke tacewa ya fita a fitsari. Kowace ƙwayar yuriya tana ɗauke da naitirojin biyu: ɗaya daga amoniya, ɗaya daga asfatet. AST ne ke samar da wannan asfatet ɗin. Baligi mai cin abinci daidai yana fitar da kimanin giram 20 zuwa 30 na yuriya a rana. Idan hanta ta lalace har ta kasa wannan aiki, amoniya takan taru, majinyaci ya shiga ruɗewa da gyangyaɗi, wani lokaci har ya kai ga dogon suma.

Aiki na biyu ya shafi lokacin da mutum ya daɗe bai ci abinci ba. Sukarin da hanta ta ajiye yana ƙarewa cikin kimanin yini guda, alhali ƙwaƙwalwa na buƙatar kusan giram 120 na gulukos a kullum. A nan sai tsoka ta fara rushe wani ɓangare na furotin ɗinta. ALT na cikin tsoka ya ɗora naitirojin a kan fairubet ya zama alanin, jini ya kai alanin ɗin hanta. A can ALT na hanta ya juya aikin: naitirojin ya tafi wajen yin yuriya, fairubet kuma a mayar da shi gulukos ya koma jini. Da tafiya ɗaya an kwashe shara daga tsoka, an kuma kai wa hanta kayan yin sukari. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa tsoka ke zubewa a lokacin doguwar yunwa ko doguwar jinya.

Aiki na uku na AST ne. Nau'i biyu gare shi: ɗaya yana cikin ruwan ƙwayar halitta, ɗaya yana cikin mitokondiriya, ɗan ɗakin da ake samar da kuzari a cikinta. Su biyun suna aiki tare wajen tsallakar da abin da aka samu daga ƙona sukari zuwa cikin mitokondiriya, domin ba ya iya ratsa bangonta kai tsaye. Wannan ne ya sa AST yake da yawa a sassan da ba sa hutawa, irin su zuciya, hanta, tsoka, ƙoda da ƙwaƙwalwa. ALT kuwa mafi yawansa a hanta yake.

Iyakar abin da suke iya yi

Aminotiransferes ba ya ƙirƙirar gangar kabon, ɗora mata naitirojin kawai yake yi. Daga cikin amino asid 20, akwai 9 da jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera gangarsu, don haka dole ya same su a abinci: histidin, aisolusin, lusin, laisin, metiyonin, fenilalanin, tiriyonin, tiriftofan da balin. Biyu daga ciki, laisin da tiriyonin, ba sa ma shiga wannan musanya kwata-kwata.

Wannan batu yana da nasaba kai tsaye da abincin yau da kullum. Masara, dawa, gero da shinkafa duk suna da ƙarancin laisin. Wake da waken suya suna da shi da yawa, amma metiyonin ɗinsu kaɗan ne, wanda hatsi ke cikewa. Saboda haka shinkafa da wake, koko da ƙosai, ko fura da nono, haɗi ne da ke cike giɓin da babu inzayim ɗin da zai iya cikewa. Yaron da aka yaye aka bar shi da kunun hatsi zalla, ko da yana ƙoshi, girmansa na iya tauyewa.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1932 Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana yadda hanta ke yin yuriya, a birnin Freiburg na ƙasar Jamus. Amma tambaya ta rage: ta yaya naitirojin na amino asid daban-daban ke isa wurin? Amsar ta fito daga birnin Mosko a 1937, lokacin da Alexander Braunstein da Maria Kritzmann suka gano musanyar rukunin amino a cikin tsokar ƙirjin tattabara.

Shekaru biyu bayan haka, a Jami'ar Columbia da ke New York, Rudolf Schoenheimer da abokan aikinsa suka ciyar da ɓeraye amino asid mai ɗauke da wani nau'in naitirojin mai nauyi da za a iya bin sawunsa. Suka tarar ya bazu zuwa wasu amino asid da dama, ya fi taruwa a gulutamet da asfatet, amma bai shiga laisin ba. A tsakiyar shekarun 1940 kuma binciken Esmond Snell na Amurka da wasu masana ya nuna cewa bitamin B6 ne ke riƙe naitirojin a tsakiyar musanyar.

Shigarsu asibiti ta faro ne a 1954, lokacin da John LaDue, Felix Wroblewski da Arthur Karmen suka nuna a New York cewa AST yana hawa a jinin wanda ya samu bugun zuciya. Ba da jimawa ba aka ga irin haka a ciwon hanta. A 1957 Fernando De Ritis na birnin Naples a Italiya ya nuna amfanin kwatanta AST da ALT, ma'aunin da har yau ake kira da sunansa. A yau an daina dogaro da AST wajen gano bugun zuciya, gwajin tiroponin ya maye gurbinsa, amma a fannin hanta su biyun suna nan daram.

Abin da takardar gwaji ke faɗa

Wurin aikin ALT da AST shi ne cikin ƙwayoyin halitta. Ɗan abin da ake gani a jinin mai lafiya na tsofaffin ƙwayoyin da suka mutu ne. Idan wani abu ya raunata ƙwayoyin hanta, bangonsu yakan yi yoyo, abin da ke ciki ya tsiyaye zuwa jini. Don haka hawansu alama ce ta rauni da ke faruwa a yanzu. Ba su ne ke haddasa cutar ba, kuma ba su ne ma'aunin ƙarfin aikin hanta ba. Wannan ana duba shi ne da wasu gwaje-gwaje, kamar albumin, bilirubin mai janyo shawara, da saurin daskarewar jini.

Ɗakunan gwaje-gwaje da yawa suna sanya iyakar lafiya a kusan 40 a kowace lita ta jini. Sai dai a ƙa'idojinta na ciwon hanta nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 30 ga maza da 19 ga mata a matsayin iyakar ALT. Ke nan mace mai ɗauke da wannan cuta da ta ga 35 a takardarta, ko da ɗakin gwaji bai yi mata alama ba, ya kamata likita ya duba lamarin.

Girman adadin da tsarinsa suna ba da haske kan musabbabi. Idan ya haura 1,000, abubuwa uku ake fara zargi: sabon kamu na ƙwayar cutar hanta, gubar magani musamman farasitamol da aka sha fiye da ƙima, ko yankewar jini zuwa hanta. Hawa kaɗan da ya daɗe yakan zo da ciwon hanta nau'in B ko C da ya zauna a jiki, ko kitsen hanta mai tafiya da ƙiba da ciwon sukari. Idan AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, barasa ce kan gaba a zargi, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin bitamin B6 ya fi taɓa ALT. Bayan rauni ya tsaya AST ne ke fara sauka, domin rabinsa yana gushewa daga jini cikin kimanin sa'o'i 17, ALT kuwa sai kimanin sa'o'i 47.

Akwai wurare biyu da ake yawan kuskure. Na farko, AST na iya hawa ba tare da hanta ta samu matsala ba: aikin ƙarfi mai tsanani, rauni a tsoka, ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda ake gani a masu cutar sikila, duk suna ɗaga shi. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, adadi mai kyau ba shaida ce ta cikakkiyar lafiya ba. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B na iya shafe shekaru ALT ɗinsa yana daidai, haka ma wanda hantarsa ta riga ta ƙandare har ƙwayoyin da za su yi yoyon sun ragu.

Muhimmancinsu a Najeriya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun yi sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya gano nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1 cikin 100. Mafi yawan masu ɗauke da cutar ba su sani ba.

Gwajin ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini da na'urar auna taurin hanta suna da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. A nan ne amfanin AST ya ƙara fitowa, ta hanyar wani lissafi mai suna APRI. Ana raba AST da iyakarsa ta lafiya, a ninka da 100, sannan a raba da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Misali, mai AST 60, iyaka 40, ƙwayoyin daskarar da jini 150, sakamakonsa 1.0 ne. A ƙa'idojin da hukumar ta sabunta a watan Maris na 2024, mai ɗauke da nau'in B da APRI ɗinsa ya wuce 0.5 ya cancanci fara magani, wanda galibi tenofobir ne. Inda babu damar ƙirga ƙwayar cutar, ALT da ya ci gaba da zama sama da iyaka shi kaɗai na iya zama hujjar fara magani.

A zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, AST yakan zarce ALT, kuma binciken da aka yi a Saliyo a shekarun 1980 ya nuna cewa majinyacin da AST ɗinsa ya kai 150 ko fiye a lokacin kwantar da shi yana cikin haɗari mai girma. Haka kuma ana bibiyar ALT ga masu shan magungunan tarin fuka, domin uku daga cikin huɗun farko na iya taɓa hanta. Baligi bai kamata ya sha farasitamol fiye da giram 4 a rana ba, kuma yana da kyau a lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna mai fitar da gubar afulatoksin, su ma suna cikin abubuwan da ke cutar da hanta.

Sauran dangi

Bayan ALT da AST akwai wasu aminotiransferes da ke da nasu muhimmancin. Lusin, aisolusin da balin ana fara sarrafa su ne a tsoka, domin inzayim ɗinsu ba shi da yawa a hanta. Maganin farfaɗiya mai suna bigabatirin yana aiki ne ta hanyar toshe wani aminotiransferes a ƙwaƙwalwa, wanda ke rushe sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi. Akwai kuma wata cutar gado da ba kasafai ake ganinta ba, inda rashin wani aminotiransferes na hanta ke janyo tsakuwar ƙoda tun ƙuruciya, kuma wasu masu ita suna samun sauƙi da bitamin B6. Masana'antun magani ma sun shiga amfani da su: a 2010 kamfanonin Merck da Codexis suka sanar da ƙera wani tiransamines da aka gyara don haɗa sitagiliptin, maganin ciwon sukari.

Abin da ya kamata mai gwaji ya yi

Babu wani magani ko jiƙo da ke wanke ALT da AST daga jini, kuma ba su ne abin yaƙa ba. Suna sauka ne idan an kawar da abin da ke raunata hanta. Wanda ya ga adadinsa ya hau ya koma wurin likita da takardar, ya faɗi duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da C, a kuma maimaita gwajin bayan lokacin da likita ya ɗiba. Wanda adadinsa yake daidai amma bai taɓa yin gwajin nau'in B ba, ya nemi a yi masa, domin gwajin daban ne. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin jadawalin rigakafin yara na ƙasa tun 2004, kuma ta farko ana so a yi wa jariri ita cikin sa'o'i 24 da haihuwa.